Malam Lawali, wanda ya ja mini waya ta taga ina cikin takaba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita makarantar da nake koyarwa Yaya Bello, wan mijina marigayi, ya kira ni. Ko gaisuwata bai tsaya amsawa ba. Ya ce, "Hadiza, Lawali ya rasu."

Mota ta buge shi yana kan babur jiya da la'asar tsakanin Bakura da Mafara. An kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Da yawanku kun san Malam Lawali mai gyaran kwamfuta da haɗa intanet, mutumin Maradun. A wurina aminin mijina ne, Malam Sanusi, tun suna sakandare. Akwai abin da ya yi mini wanda ban taɓa faɗa a nan ba.

Lokacin da Malam Sanusi ya rasu ina shekarar ƙarshe ta digirin da nake yi ta intanet. Ranar da aka sa mini ta kare kundin bincikena ta faɗo ina tsakiyar takaba. Makaranta ta yarda in yi ta bidiyo, ƙarfe sha ɗaya na safe. In na rasa ranar, sai wata shekara, kuma ni na san a halin da nake ciki in na ajiye karatun nan ba zan sake ɗauka ba.

Gidanmu gidan gado ne, dogo. Ɗakina yana can ƙurya bayan turken awaki, ko kira ba ya shiga sai na fito tsakar gida. Rauta kuma, akwatin da ke kawo mana intanet, tana shagon naman Yaya Bello a bakin titi, don nan kaɗai take kama sabis.

Sai ana gobe na kunna kwamfutar Malam Sanusi, irin ta kan tebur. Ashe ba ta kama intanet ta iska, sai an soka mata waya. Shi a da ɗaukarta yake yi ya kai shago. Ni ina takaba ba zan zauna cikin maza a bakin titi ba, ana sara ƙashi a gefena.

Washegari bayan sallar asuba na kira Malam Lawali. Kuka ya hana ni bayani sosai.

Ya ce, "Taku nawa na daga shagon zuwa ɗakinki?"

Na ce ban sani ba.

"To bari, gani nan tahe."

Kun san yadda hanyar Maradun take a lokacin saboda 'yan bindiga. Ba mai kama ta da sassafe sai ya ga motoci sun fara wucewa. Takwas ta yi, tara ta yi, na kira layinsa ba ya shiga. Na zauna ina tunanin in wani abu ya same shi ni na jawo, me zan ce wa matarsa?

Tara da rabi muka ji sallamarsa a zaure, da ƙunshin waya a kafaɗa.

Bai shigo ɗakina ba, ko fuskata bai gani ba ranar. Ya soka kan wayar ɗaya a rauta, ya hau tsani ya bi katanga da wayar, Yaya Bello na binsa yana kafa ta da ƙusa. Suka wuce madafa, suka wuce turke. Da ya iso bayan ɗakina ya zuro ɗaya kan ta taga, Inna, uwar mijina, ta karɓa ta miƙo mini.

Daga bayan bango ya ce, "Malama, duba bayan kwamfutar, akwai rami mai kusurwa huɗu. Tura har ki ji ƙas. Mi kika gani?"

Na ce ban ga komai ba.

"Babu 'yar wuta tana ƙyaftawa?"

Babu.

Goma da rabi ta wuce. Ya ce in maido wayar. Ya yanke kan, ya jera siraran wayoyin nan takwas da ke ciki, ya matse sabon kai, ya sake zurowa. Na soka. Babu wuta.

Inna ta fara salati. Ni kuwa na riga na sa hijabi na zauna gaban allo, zufa na bin bayana, ina jin saƙon malamina na shigowa wayar salular da na bari a tsakar gida.

Na ce, "Malam Lawali, bar shi kawai. Allah bai nufa ba."

Ya ce, "Ba ki da agogo na? Da saura."

Na ji ya ja tsani. Ashe bin wayar yake yi da yatsa, taku bayan taku, cikin ranar nan. Wajen madafa ya samu inda ƙusa ta huda ta. Yaya Bello ya fara ba da haƙuri, Malam Lawali ya ce masa, "Riƙe min tsanin dai, Yaya." Ya yanke wurin, ya matse kai biyu yana tsaye a sama, ya haɗa su da wani ɗan abin haɗi da ya zaro daga aljihu.

Saura minti shida wutar ta ƙyafta.

Na yi ihu na manta ina takaba. Ya ce, "To shiga, ki yi bisimilla."

Awa ɗaya da wani abu na yi gaban malamai, kuma na haye. Daga baya Inna ta gaya mini duk tsawon lokacin yana tsaye gindin katanga yana korar awaki, don wata ta fara miƙa wuya tana lasar wayar. Da na gama har ya tafi, ruwa kawai ya sha.

Bayan sati ya dawo ya sa wayar cikin bututu saboda damina. Duk sallah sai ya aiko wa 'ya'yana da wani abu, bai taɓa tsallakewa ba.

Ganina da shi na ƙarshe Talatar da ta wuce ne a kasuwa, yana zaɓen takalmin makaranta. Muka gaisa, ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga takalmin ya ce, "Na ɗiyata Maryam na. Ta ce malama taka son zama. In ta gama sakandare ke zan kawo ma ita, ki riƙe min."

Na yi dariya na ce Allah Ya kai mu.

Yanzu Yaya Bello ya tafi neman mota, za mu Maradun. Ban san da wane baki zan yi wa yarinyar nan gaisuwa ba, amma zan gaya mata abin da babanta ya ce, kuma na karɓa.

Ya Allah Ka gafarta wa Lawali. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ya amsa tambaya da sauƙi, Ka haɗa shi da amininsa a Aljanna. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsaya wa marayunsa.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa addu'a kafin ya wuce.