Ragon da Baba Ya Zaɓa

Baba ya rantse idonsa lafiya lau. Wata biyu yana gidanmu a Bowie ta Amurka, likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, cirewa ba wuya, amma Baba ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido a ƙasar mutane. Mako guda bayan Babbar Sallah zai koma Kano. Na san in ya tafi a haka makanta ce, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Na roƙa, na yi kuka, har ƙararsa na kai wajen yayata ta waya. Ko gezau.

Tun yana saurayi dabbobi yake sayarwa a kara, don haka da maganar ragon layya ta taso ya ce ba mai zaɓa sai shi. Muka kama hanyar wata gona a Virginia, ni da shi da maigidana. Lokacin ganye ya yi ja yana ta zuba.

Mai gonar wani dogon Bature ne, sarkin surutu. Tun a waya ya gaya mini tumaki ba su ne ainihin sana'arsa ba. Aladu yake kiwo. Yana sakinsu a kurmi su yi ta cin 'ya'yan itatuwan da ke zubowa har su yi ƙiba, sannan a yanka, a shafe cinyoyin da gishiri a rataye fiye da shekara, kamar yadda kakansa yake yi. Ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina ai garken tumaki yana can gefe, mu shiga mu fita.

Ina! Muna gaisawa da Baturen, Baba ya ja sandarsa ya nufi shingen kurmin. Can ƙarƙashin itatuwa wasu baƙaƙen dabbobi suna kiwo, kai a ƙasa.

"Masha Allahu! Ku zo ku ga kiwo!" in ji shi. "Wancan na tsakiya nake so. Dubi gadon baya! Ke, tambayi mutumin nan me yake ba su."

Na kalli maigidana. Bawan Allah, kunyar suruki ta kama shi, sai ya duƙa yana duba tayar mota.

Baba ya yi irin kiran da yake yi wa tumakinsa a gida. Wallahi sai ga zaɓin nasa ya taho da gudu, kunnuwa na rawa, hanci duk taɓo. Baba ya miƙa hannu ta saman shinge zai taɓa bayansa.

"Baba, kar ka taɓa!"

Dabbar ta ɗaga kai ta saki gurnani.

"A'uzubillahi!" Baba ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi. "Wane irin rago ne wannan?"

"Baba, alade ne."

Baturen bai fahimci komai ba. Ya zo yana washe baki, wai dattijon nan ya san dabba, wannan shi ne mafi kyau a garken duka, lallai in fassara masa. Ni kuma, don rashin ta-ido, na fassara. Nan dariyar da nake dannewa ta ƙwace. Na zauna daɓas a ciyawa ina hawaye, maigidana yana bayan mota kafaɗunsa na girgiza. Baba ya ce mana 'yan nema, amma shi ma bakinsa na motsi.

Da muka je garken tumaki sai ya tsaya a ƙofa, ya ce wa maigidana, "Shiga ka zaɓa." Nan dariyata ta tsaya. A rayuwata ban taɓa ganin wani ya zaɓar masa dabba ba, kuma ya ba ni tausayi.

A mota, da muka hau babban titi, sai Baba ya kira ni.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Kada yayarki ta ji wannan labari."

"To, Baba."

Ya cire hularsa, ya kakkaɓe ta, ya mayar.

"Kuma wannan likitan naku, kira shi gobe. Ki ce masa na yarda."