Yatsu Biyu a Gonar Dawa

Ana idar da sallar asuba muka baro Tambuwal, ni da Inna da ƙanwarta, sauran taurari biyu ko uku ba su gama ɓuya ba. Ƙauyen su Inna muka nufa, can gaba da Kebbe, don mu gaida ɗan wanta da ya zo hutu. Mai tsaron raga ne a wata ƙungiya da ke buga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Da wannan aiki yake ciyar da matarsa da 'ya'ya biyu, kuma saura mako biyu a koma wasa. Ni Yaya nake ce masa.

Motar ta mutum bakwai ce, mu goma muka shiga, ban da kajin da ke ƙarƙashin kujera. Kuɗin mota ya haura na bara sosai, direba kuma ya ɗora laifin a kan fetur tun kafin kowa ya tambaye shi. Hanyar tana da ramuka, amma ban kula ba, idona na waje. An gama girbi, dammunan dawa a jingine kamar mutanen da suka gaji, shanu na bin gonaki a hankali. A Kebbe muka sha fura da nono mai kauri wadda har yanzu nake tunawa, sannan muka hau babura.

Mun tarar da ƙauyen a hargitse. Ashe ranar ce za a buga wasan ƙarshe da matasan wani ƙauye na wajen Fakku, kyautar kuma rago ne. A zaure muka samu Kawu, babban wan Inna, wanda ya riƙe Yaya tun rasuwar mahaifinsa, shi da dattawa uku, Yaya na tsugune a gabansu. So suke ya tsare wa ƙauye raga.

"Kawu, ƙungiya ta hana mu wasa a waje," in ji Yaya. "In hannun nan ya taɓu, aikin ya tafi."

"Kai da kaka tsaron gidan baƙi can birni, naka gida na ba ka iyawa?" in ji Kawu. "Mu munka raine ka. Awa guda ta, ba shekara ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Daga nan na san an gama.

Filin gonar dawa ce a bayan gida, muna hango shi daga bakin darni. Matasa sun yi kwana biyu suna tuge kututturen kara, suka share tsakiya tas. Gaban raga kuwa suka bar shi yadda yake, kututture tsaye da tsinin da adda ta bar musu. A wurinsu gola shi ne wanda bai iya wasa ba, sai a ce ya je ya tsaya. Mai tsayuwa kuma me zai yi da shararren wuri? Yaya ya tuge abin da ya iya da ƙafa, alƙali ya hura usur.

Ban taɓa ganin yana wasa ido da ido ba sai ranar. Yakan tashi sama kamar ba shi da nauyi, ya sauko da ƙwallo a ƙirji kamar mai rungume da jariri. Saura kaɗan a tashi, 'yan gida na gaba da ci ɗaya, aka ba baƙi fenariti. Ya faɗa dama, ya ture ta waje, hannunsa ya sauka a kan kututture. Fili ya ruɗe da ihu, aka yi kan ragon da gudu. Shi kuwa yana zaune a ƙasa, ya riƙe wuyan hannu, mutane na tsallake shi.

Da aka cire masa safar hannu, yatsu biyu sun karkace. Kawu ya ce a kira mai ɗori, kwana fuɗu ya warke. Inna mace ce mai sanyi, ban taɓa jin ta ɗaga wa wanta murya ba, amma ta miƙe ta ce, "Kun karya mai sana'a, ba ku ƙara taɓa shi." Da yammar muka taho da shi, yana tsakanin ɗan acaɓa da jakarsa, kowane rami sai ya runtse ido.

Washegari aka kai shi Sakkwato aka ɗauki hoto. Karaya ce a wuri biyu, likita ya ce sai an yi watanni. Ya kira kocinsu a gabana. Bai yi dogon bayani ba, ya fi saurare. Da ya ajiye wayar ya ce za su yi wa wani gola rajista a madadinsa.

Yanzu muna gida, Yaya na ɗakin baƙinmu. Na tafi da niyyar rubuta kyan kaka, na dawo da fushin da ban saba da shi ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne mutanenka na iya alfahari da sunanka shekara da shekaru ba su taɓa tambayar yadda aikinka yake ba, kuma kunyar manya tana iya cinye abincin gida guda a awa ɗaya.

Jiya Kawu ya aiko masa da kasonsa na ragon, soyayye, a kwano mai murfi. Yaya ya daɗe yana kallon naman. Inna ce ta zauna ta yayyaga masa, tana ba shi a baki.