Tagar Ƙananan Kifi

Ko me zan manta a rayuwata, ba na jin zan manta da rakiyar da na yi wa yayana zuwa Kano, lokacin da ya kai wa masu kamfanin raga dabarar da ya ƙirƙiro. Har gobe in na ji ƙaurin kifi a kan wuta sai abin ya dawo min sabo, raina ya ɓaci.

Mu masunta ne gaba da baya. Ƙauyenmu yana ƙasar Kafin Hausa, a bakin wani tafki da kogi ke cikawa duk damina. Da tafkin nan ake ci, da shi ake aure da suna. Kuma muna da al'ada: kafin a shiga ruwa, kowa zai baza ragarsa a gaɓa, sarkin ruwa ya bi yana zura yatsu uku a idonta. Wadda yatsun suka ƙi shiga ba za ta taɓa ruwa ba, don ƙananan kifi su samu hanyar wucewa su girma.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba ciyawar kacala ta mamaye ruwan. Ka jefa raga ta dawo a yage, ka kwana biyu kana ɗinki, ka koma ta sake yagewa. Ragar kuwa daga wani kamfani na Kano muke sayenta ta hannun dillalan kasuwar Jahun, tun muna samari. Ni dai zagin ciyawa da zagin kamfani na sa a gaba, don ban iya haɗiye fushi ba. Yaya kuwa mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, sai ya zauna ya yi ta lanƙwasa waya.

Abin da ya fito da shi gura ce, wato tarkon kifi, amma ba irin ta tsumagiya da muka gada ba. Zobban waya ya jera, ya lulluɓe su da raga, ta fito doguwa siririya, tana kurɗawa cikin kacala ba ta maƙale ba, in an gama a naɗe ta a rataya a kafaɗa. A gindinta ya bar wata 'yar taga mai manyan idanu. Babban kifi in ya shiga ya shiga ke nan, ƙarami kuwa ya ci dusar da aka zuba ciki ya fice abinsa. Rannan da ya ɗago ta cike da tarwaɗa, har mutanen da ba sa gaisawa da mu sai da suka zo kallo.

Kowa ya ce a saƙa masa. Yaya ya yi ta saƙa har idonsa ya fara ruwa, bai ko kusa raba wa gari ba. Daga nan ne tunanin kamfani ya shige shi. Na ce masa ya rufa mana asiri ya bar abin nan a gida, mutanen birni ba su san tarwaɗa ba sai a cikin miya. Ya ce shi ba zai iya ci yana kallon maƙwabta suna ɗinkin raga ba. Da na ga ba zai fasa ba na shirya, tunda ni na taɓa cin rani a Kano, shi kuwa in aka sake shi a tasha ya ɓata ke nan.

Muka isa da hantsi, Yaya da gura a kafaɗa da ƙunshin bandar tarwaɗa, don a wurinsa ba a zuwa gaban babba hannu sake. Maigadi ya shanya mu a rana, ya ce nan sayarwa ake yi, ba a sayen shawara. Saura kaɗan in gaya masa wadda ba zai manta ba, Yaya ya taka min ƙafa. Sai bayan azahar, da muka yi salla sahu ɗaya da manajan, wani Alhaji mai furfura, ya ga abin da ke kafaɗar Yaya ya ce mu biyo shi.

Zan faɗi gaskiya, mutumin nan bai wulaƙanta mu ba. Ya sa aka ciko rabin duro da ruwa, Yaya ya naɗe hannun riga ya nuna masa yadda ake dasa ta. Ya yi tambayoyi, ya kira mai kula da injin saƙa, suka jujjuya ta. Ya ce za su gwada. Nan Yaya ya zura yatsunsa uku a tagar, ya ɗaga ta saitin fuskar manajan.

“Ranka ya daɗe, komai na jikinta ku canza yadda kuka ga dama. Wannan kaɗai nake roƙo a bar min. Abincin 'ya'yanmu ne yake fita ta nan.”

Manajan ya ce ya ji. Yaya ya nemi a shafa fatiha, aka shafa. A wurinsa magana ta ƙare ke nan, tunda haka muke ƙulla aure da cinikin gona. Muka fito yana ta fara'a, har ya saya min tsire a tasha.

Kamfani ya cika alkawari. Kafin ruwa ya janye gurar ta shigo Jahun da tagarta, kowa ya saya. Shekarar nan an ci kifi a ƙauyenmu, an yi bukukuwa, Yaya ba ya wuce majalisa ba a sa masa albarka ba. Ni ma na fara jin kunyar gardamar da na yi.

Shekara ta zagayo, wata safiya ina kutsawa cikin kacala ƙafata ta harɗe da gurar wani maƙwabcinmu. Na ɗago ta don in gyara masa, sai na ji ta da nauyi. An ɗinke tagar da zare, tsaf. Ciki kuwa maƙil da 'ya'yan karfasa da ba su kai tsawon yatsa ba. Na fito gaɓa na shaƙe wuyan mai ita, da ƙyar aka ɓamɓare ni. Abin da ya kashe min jiki shi ne, masu rabon faɗan babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Ashe kusan duk gari an ɗinke. Wasu masu kiwon kaji ne daga birni suka fara sayen busassun ƙananan kifi, kuma kowa ya ce in ya bar tasa a buɗe, abin da ya fita daga tasa cikin ta maƙwabcinsa zai faɗa.

Muka je wurin sarkin ruwa, tsoho tukuf. Ya ce shi raga ya gada yana dubawa, ita kuwa a gaɓa ake baza ta kowa yana gani. Abin da ke kwana ƙarƙashin ciyawa, a nuna masa da taga da safe a ɗinke da yamma, da wane ido zai gan shi? Babu wanda ya taɓa kawo wannan a ransa, har Yaya.

Ba a jima ba sabon kayan kamfani ya iso kasuwa, babu taga sam. Muka sake hawa mota zuwa Kano. A hanya na tanadi maganganu masu zafi, amma manajan ya riga ni. Ya sa aka jawo tulin gurar da dillalai suka dawo da su, wai masu saye sun ƙi, sun gaji da wahalar ɗinki. Ya ce ga wasu ƙananan maƙera sun kwaikwaya, tasu marar taga ce ke tafiya.

“Malam, ni na riƙe fatiha iya ƙarfina,” in ji shi. “Mutanenka ne suka ce ba sa so.”

Yaya ya miƙe. Ya yi godiya, muka fito. Har muka iso gida ko ruwa bai sha ba, ni kuma karon farko a rayuwata na rasa wanda zan zaga.

Tawa gurar da ta Yaya mun bar su a buɗe har ƙarshe, amma me biyu za su yi a cikin ɗaruruwa? Kifi ya yi ta raguwa, ya koma sai an yi sa'a, ya koma sai kwaɗi. Samari suka watse birni. Waɗanda suka sa wa Yaya albarka su ne suka dawo suna cewa shi ya jawo wa gari masifa, har matarsa ta daina zuwa rijiya sai rana ta take. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a na ce masa mu kai ƙara. Ya dube ni ya ce ƙarar wa, kamfanin da ya cika alkawari tun farko ko 'yan'uwanmu da yunwa ta sa suka ɗauki allura?

Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Yalwawa a Dutse. Mutumin da aka haifa a bakin ruwa ya koma sayen kifin ƙanƙara na kwali, yana bandawa yana tallarsa a tire. Ziyarar ƙarshe da na kai masa kafin rasuwarsa, na tarar da gurarsa ta farko, wadda ya saƙa da hannunsa, yashe a tsakar gida, an mayar da ita akurki. Kaza na ciki, 'yan tsakinta suna fita ta tagar suna komawa. Ya nuna min da baki, ya ce, “Ka gani, har yanzu tana aiki.” Na juya masa baya don kada ya ga hawayena.

Abin da na koya ɗaci gare shi, amma shi na koya. In za ka kai wa masu ƙera kaya dabararka, kada ka tsaya kan amanar wanda zai ƙera, ka fara tunanin hannun da za ta faɗa, da ranar da mai hannun zai kwana da yunwa. Yaya ya shafa fatiha da baƙo a Kano, baƙon ya riƙe iya ƙarfinsa. Da mutanen ƙauyenmu ya kamata a shafa ta.