Ya Ce Min "Ke", Na Raba Shi Da Hannunsa

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, jini na tafasa, ga takardar digiri da nake jin ta ɗora ni a saman kowa. Daga Zariya aka kawo ni Jalingo, wani abokin mahaifina ya damƙa min riƙon injinsa na casar shinkafa a wajen Kachalla Sembe. Mutum kusan ashirin ne a ƙarƙashina, Mumuye da Jukun da Fulani, wasunsu ma sun haife ni. Kafin in taso abokai sun zuga ni cewa lebura ba ya jin magana sai da jan ido, in ka yi masa murmushi yau, gobe ya hau kanka. Na karɓi wannan huɗubar shaiɗan hannu bibbiyu. Har guntun tsohon bel na yanka ina yawo da shi kamar mai korar jakuna, kuma wallahi na sha zuba shi a bayan magidanta don buhu ya faɗi ko an makara.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Hausarsu. Da safe in na shigo sai in ji ana raɗa cewa oga ta zo. In na ba da umarni, wani ƙato ya amsa da to, kamar yadda kika ce. Ni Bahaushe, a ce min ke? A wajenmu wannan zagi ne da ake fasa baki a kansa. Na tara su na rantse duk wanda ya sake mayar da ni mace sai na canza masa kamanni. Wata dattijuwa mai tankaɗe, wadda kowa ke ce wa Mama, ta biyo ni ofis tana lallashi, wai ba raini ba ne, harshe ne, a yarukansu kalma ɗaya ce ga mace da namiji. Ban bari ta ƙarasa ba na nuna mata ƙofa. Daga ranar bakin kowa ya mutu. In na doso sai wurin ya yi tsit, ni kuwa ina hura hanci wai na iya mulki.

Mai tuƙa injin wani dattijo ne mutumin ƙauyen Kona, Kirista, ya haura hamsin, ana ce masa Baba. Tun kafin in san ƙamshin shinkafa yake kan wannan inji. Sau biyu yana tare ni da maganar murfin bel, ƙarfen da ke rufe bel ɗin da ke juya injin, wai ya karye an cire shi, kuma barin sa a buɗe ganganci ne. Na farko na ce ba shi zai koya min aiki ba. Na biyun ya kuskure ya ce min ke a tsakiyar zance, na daka masa tsawar da ta sa ya haɗiye sauran maganar. Bai ƙara tayar da ita ba, bel ya ci gaba da gudu tsirara.

Ranar wata Juma'a ce, an sauke mana shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, mota guda daga garin Mutum Biyu, aiki ya kankama. Na dawo daga masallaci cikin babbar riga, tare da wasu dillalai biyu da nake son in burge. Na tsaya ina nuna musu farin shinkafarmu, na ba injin baya, ina wurga hannu ina cika baki. Ban san iskar injin tana kaɗa bakin rigata zuwa ga bel ba. Sai kawai na ji an kwarma ihu a bayana, ke, ke, matsa, aka fizge ni da ƙarfi har hulata ta faɗi. Na juya na ga Baba riƙe da rigata. Idona ya rufe. Ban ga bel ba, ban ga tsoron da ke fuskarsa ba, ke ɗin nan kawai na ji, a gaban baƙi. Na ɗauke shi da mari, ban tsaya nan ba na sa hannu biyu na hankaɗa ƙirjinsa. Ya yi baya taga-taga, ya kai hannun dama don ya dafa, hannun ya faɗa tsakanin bel da ƙarfen da ke juya shi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙarar da na ji kamar an karya ɗanyen kara, har yau tana kunnena. Jini ya yi tsartuwa ya wanke farar shinkafar da nake taƙama da ita. Wani ya kashe injin, aka zaro hannun, yatsu suna reto. Daga nan mutanen da na yi wata takwas ina duka suka yo kaina. Shebur ya sauka a haƙarƙarina, wani ya fizge guntun bel ɗin nan daga inda nake rataye shi ya dinga shimfiɗa min a fuska, aka tattake ni cikin ƙaiƙayi, haƙorina ya fita na tofar. Dillalan nan tuni sun ari ta kare. Na ji wani yana cewa a kawo man inji da ashana, na saddaƙar tawa ta ƙare. Mama ce ta faɗo kaina ta rufe ni da jikinta, tana zaginsu da duk yaren da ta iya, wai ga mutum can jininsa na ƙarewa sun tsaya dukan mahaukaci. Wannan ya dawo da su hayyacinsu, suka sungumi Baba suka yi asibiti, suka bar ni kwance.

Likitoci ba su iya ceto hannun ba, daga wuyan hannu aka yanke. Ni kuma daga gadon asibiti aka wuce da ni wajen 'yan sanda. Abokin mahaifin nawa mai injin ya sallame ni, ya ce ko a hanya kada in nuna na san shi. Dangin Baba sun so a kai ni kotu, kuma da sun kai ni ba su zalunce ni ba. Shi ne ya hana, ya ce ɗaure ni ba zai tsiro masa da hannu ba.

Da na iya takawa, na roƙi wani dattijo ya raka ni Kona. Muka sami Baba zaune a gindin mangwaro, dungulmin hannun naɗe da bandeji. Muna gaisawa ya kira babban ɗansa, magidanci mai gemu, ya ce ke, kawo wa baƙi kujera. Ya juya ga matarsa ya ce kai, kawo ruwa. Ko gezau babu wanda ya yi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa ina kuka kamar yaro, na ce Baba ka yafe min. Ya ce marin ya yafe tun a ranar, don ya haifi kamata. Ya ce a kasuwa ya koyi Hausa, ba a nono ya sha ta ba, kuma lokacin da ya ga saura taƙi ɗaya bel ya kama rigata, ba shi da sukunin zaɓen kalma. Sai ya nuna min gonar doyarsa da haɓa, ya tambaye ni wa zai riƙe masa garma bana. Aka kawo tuwo, ya matsa sai mun ci tare, ya wanke hannun da ya rage, sannan ya ba mu haƙuri wai zai sa hagu a kwano a gaban baƙi.

Shi ya sa na rubuto, don duk wanda aka ɗora a kan mutane, ko biyu ne, ya ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Babba juji ne, ni kuwa na zama garwashi. Shirun da ma'aikata suke yi in ka shigo ba girmamawa ba ce, gaskiya suka daina faɗa maka, kuma ran da za ka buƙace ta ba za ka samu ba. In aka kai ka garin da ba naka ba, fara koyon yadda mutanen suke magana kafin ka yanke musu hukunci. In tsohon ma'aikaci ya ce wani abu ya lalace, ajiye digirinka ka je ka duba. Hannunka kuma ka riƙe shi, kada ka taɓa ɗaga shi a kan mai neman abincin iyalinsa a ƙarƙashinka. Da na sani ƙeya ce. Ni an sa min haƙorin roba, in na yi dariya ba mai ganewa. Mutumin da ya ceci raina kuwa, har gobe da hagu yake cin tuwo.