Baba Ayuba, Mai Hura Soso

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Ayuba yake isowa rumfarsa a Makera, bisa tsohon kekensa, da ledar ƙosai a rataye. Ba ya gaisawa da kowa sai ya buɗe akwati ya tabbatar almakasansa uku suna nan, kamar akwai ɓarawon da zai bar motocin mutane ya zo satar almakashi. Daga nan ya share gaban rumfa, ya zauna kan wata kujerar bas da ta girmi rabin direbobin da ke kawo masa aiki, ya ci ƙosansa a natse. Can sai Madam Lizzy, maƙwabciyarsa mai injin markaɗe, ta tayar da injinta, unguwa ta ɗauki ƙara. Shi kuma ya kakkaɓe hannu ya ce, "To, an buɗe ofis."

Shekara talatin da takwas ke nan yana ɗinkin kujerun mota da yi mata rufin ciki. A ƙarshen watan nan zai ajiye almakashi, don gwiwa ta ƙi, warin gam kuma ya fara taɓa masa ƙirji. Ba za a kafa masa rumfar biki ba, ba za a buga kalanda da hotonsa ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa yanzu, yana da ransa yana ji.

Abin da aka fi saninsa da shi wata ɗabi'a ce da ta daɗe tana ba mutane dariya. Baba Ayuba ba ya yanka soso sai ya kafa masa baki ya hura. A kasuwa ma haka yake yi, dattijo da furfurarsa, ya bi soso ɗaya bayan ɗaya yana hurawa, masu shago suna ƙyafta wa juna ido. Bai taɓa damuwa ya yi wa kowa bayani ba, sai ranar da Oga George ya kawo masa bas ɗinsa.

Oga George tsohon malamin lissafi ne da ke zaune a Narayi, mutumin kirki, sai dai duk abin da ya gani a waya ya zama gaskiya. Matarsa, Madam Rebecca, an yi mata aiki a baya shekara uku da suka wuce, likita ya ce kada ta zauna a mota fiye da rabin awa. Mahaifiyarta kuma, Kaka Phoebe, tana ƙauye gaba da Zonkwa, ta haura tasa'in, ba ta iya tafiya. Shekara uku uwa da 'ya ba su ga juna ba. Sai tsohuwar ta aiko da saƙo cewa idan Rebecca tana son ta same ta, to ta zo kafin girbi.

Oga George ya sayi wata tsohuwar bas, ya cire kujeru, ya kafa gado, ya ce ɗaki mai tafiya zai yi wa matarsa. Ranar gwaji ko ƙarshen layi ba su kai ba ta ce a mayar da ita gida. Cikin motar kamar tanda, ƙarfe kuma yana kuka ta ko'ina. Nan ne malamin ya koma wa wayarsa, kuma abin da ya biyo baya shi ya kawo shi Makera.

"Baba, ina kwana? Ƙaramin gyara ne kawai," in ji shi. "Na riga na gama kashi tamanin cikin ɗari."

Baba Ayuba ya ja ƙofar bas ɗin, wani wari ya doke shi, ya ja da baya. Tun daga ƙasa har rufi, ko'ina kiret ɗin ƙwai ne na kwali, an liƙe su da gam a jere, layi ya miƙe sambal, aikin mai lissafi. Madam Rebecca tana kiwon kaji a gida, don haka kayan aiki ba su yi masa wahalar samu ba. Wasu kiret ɗin sun jiƙe da ruwan sama sun lanƙwashe, kyankyasai kuma har sun raba ɗakuna.

"Oga, kaji za ka kai kasuwa?"

"Haba Baba! Kimiyya ce wannan. Ka taɓa shiga situdiyon ɗaukar waƙa? Irin wannan tudu da kwarin ne a bango, shi ke kashe ƙara."

Bai rufe baki ba sai ga wata kaza ta fito daga ƙarƙashin gadon, ta yi miƙa, ta dire ƙasa. Tun daga Narayi take cikin motar. Baba Ayuba ya zura hannu inda ta fito, ya zaro ƙwai da ɗuminsa, ya ɗaga shi sama.

"Oga, ga wadda aikinka ya yi wa amfani."

Madam Lizzy ta ce ita dai kashe inji ta yi, don dariya ta hana ta ganin bakin markaɗe. Amma Baba Ayuba bai daɗe yana dariya ba. Ya lura idon malamin ya kaɗa, ya gane wannan shirmen duka na mutumin da ya rasa yadda zai yi ne. Sai ya sauke murya ya tambaye shi wa zai kwanta a gadon. Da ya ji labari, ya ce ba zai taɓa motar ba sai ya ga wadda za ta kwanta a ciki.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya hau kekensa har Narayi. Ya san Madam Rebecca a da, lokacin da take jan waƙa a zumuntar mata, muryarta tana tsallake gida uku. Yanzu ya tarar da ita a kwance, sai ya matso kafin ya ji abin da take faɗi.

"Baba, ba ramukan hanya nake tsoro ba. Ƙarar nan ce, tana shiga min har ƙashin baya. Ga zafi. Na ce masa ya haƙura, Mama za ta gane."

Baba Ayuba ya dawo gida ransa a jagule. Washegari ya sa Oga George ya ɓamɓare kiret ɗinsa da hannunsa, duka ɗari biyu da goma sha huɗu, malamin da kansa ya faɗi adadin. Sannan Baba Ayuba ya bi jikin motar yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Duk inda ya yi amo kamar garwa, sai ya manna masa yankin ledar kwalta, irin wadda ake toshe yoyon kwano da ita. Ya sake ƙwanƙwasawa, sai ka ji amon ya mutu. Gadon ma ya janye shi daga kan tayar baya ya dawo da shi tsakiya, inda mota ba ta cika tsalle ba.

Wajen zaɓen soso aka yi daru. Oga George ya zo da baƙin soso mai tudu da kwari, na ainihi wannan karon, yana ta murmushi. Baba Ayuba ya yanki ɗan kaɗan, ya ƙyasta ashana, abu ya kama bal, ya narke yana ɗiga.

"Wannan za ka rufe Madam a ciki?"

Murmushi ya ɗauke. Baba Ayuba ya ɗauko soso mai laushi ya miƙa masa. "Sa hannunka a bayansa, ka hura."

Oga George ya waiga hagu da dama, kada wani tsohon ɗalibinsa ya gan shi, sannan ya hura. "Iska ta wuce."

"Yauwa. Inda numfashi ya wuce, ruwa ma zai shiga ya zauna. Mutum in ya kwanta a mota, ƙarfe gumi yake yi. Ka manna wannan a jikin ƙarfe, damina ɗaya tsatsa ta cinye motar, Madam kuma ta yi ta shaƙar wari. Hura wannan."

Na biyun mai tauri ne, bayansa yana ƙyalli kamar azurfa. Malamin ya hura har kumatu suka kumbura, jijiyar wuya ta miƙe, iska ta ƙi wucewa.

"To shi zai kwanta a jikin ƙarfe ya tare zafi, ninki biyu a rufi. Mai laushin daga ciki zai zo, ƙarƙashin yadi, ya shanye sauran ƙara. Kowa da wurin zamansa, Oga."

Kwana tara ya yi a kan motar, har ya buɗe mata 'yar kafar iska a sama. Da ya gama bai kira mai ita ba, sai da ya yi gwajin da yake yi wa kowane aiki. Ya sa aka tura bas ɗin dab da injin Madam Lizzy da ƙarfe biyun rana, ya ce ta markaɗa duk abin da take da shi, ya shiga ya rufe ƙofa ya kwanta. Dokarsa ita ce, in barci ya ɗauke shi, aiki ya yi. Minti goma ya fito sharkaf da gumi yana masifa, ya gano ya tsallake wani wuri a saman ƙofar baya. Ya kwance ya sake, kwana biyu suka ƙaru.

A gwaji na biyu Madam Lizzy ta markaɗa tumatir, ta markaɗa wake, ta gama da masara, shiru. Ta yi ta dukan ƙofa da muciya. "Na ɗauka ya tafi wurin Ubangiji ne," in ji ta, "ashe minshari yake yi abinsa."

Kai ne wannan, Baba Ayuba. Kai ne ba ka tambayar mota shekarunta sai ka tambayi wanda zai kwanta a cikinta. Aikinka duka a ɓoye yake bayan yadi, inda ba mai gani, kuma nan ne ka fi tsanantawa. Gwanin Makera, mai kwanciya a tanda don wani ya samu sanyi.

Mako guda bayan sun yi tafiyar ƙauyen, sai ga Oga George ya dawo rumfar fuska a murtuke.

"Baba, ka cuce ni."

Baba Ayuba ya miƙe tsaye. "Zafi ya shiga?"

"Ina fa! Motar ce ta yi shiru da yawa. Tun daga Sabon Tasha har Zonkwa ina jin komai. 'George, rage gudu. George, ga rami. George, wa ya koya maka tuƙi?' Awa huɗu, Baba, tana kwance tana tuƙa ni."

"To kawo ta, in cire rabin soson."

Oga George bai yi dariya ba. Ya zaro wayarsa ya nuna hoto: Kaka Phoebe zaune a bakin ƙofar bas, ta riƙe fuskar 'yarta da hannu biyu. Ya ce tsohuwar ba ta jira an shigar da Rebecca gida ba, sai ta sa aka ɗauko ta zuwa motar, tana ta shafa ta tana cewa, "Ke ce? Ke ce da gaske?"

"Shekara uku ban ji matata ta ɗaga min murya ba," in ji shi. "Ciwon nan ya cinye mata baki. Kada ka cire komai, Baba. Ko zare ɗaya."

Sannan ya koma mota ya ɗauko saƙon Madam: kiret ɗin ƙwai guda, cike taf. Baba Ayuba ya karɓa ya juya baya, wai warin gam ne ya shiga masa ido, alhali ranar ko gwangwani bai buɗe ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka huta a ɗaki mai sanyi. Ku kuma masu sana'a da kuka taso kuna yi masa dariya, kafin wata ya ƙare ku je Makera ku sa baki ku hura soson nan tare da shi, ku koyi tambayar wa zai kwanta a ciki. Oga George dai yanzu duk wata yake kai matarsa gida, ana yi masa faɗa tun daga Narayi har ƙauye, kuma bai taɓa kunna rediyo ba.