Rigar Baba Ta Koma Gyaɗi-Gyaɗi

Kafanchan zuwa Kano

Zakara bai yi cara ba na fito daga gida, rigar Baba a ƙasan jakata. Na bar shi kwance, ya yi watanni ba ya tashi, ko kunu sai an ɗura masa. Amma kullum da asuba sai ya zabura, ya ware hannuwa, ya ce da ƙarfi, "Ina nan!" Likita ya ce sai dai haƙuri. Shi kuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Rahila, ba su sallame ni ba. Ki kai musu rigarsu."

Baba Ishaya shi ne golan Zakarun Asuba, ƙungiyar ƙwallo ta Gyaɗi-Gyaɗi, kafin rikici ya taso mu daga Kano ina goye. Ni dai haushi ne ya cika ni. Mutum yana gargara, a ce in tafi Kano saboda tsumma!

Bayan Kachia soja ya zazzage jakata, ya ɗaga rigar, koriya ce da ta koɗe, da lamba ɗaya a baya. "Madam, ke ce golan?" Mota ta kwashe da dariya, ni ko murmushi ban yi ba. Na canza mota a Kaduna, na ci masa a tsaye a Zariya, muka shiga tashar Unguwa Uku da la'asar sakaliya.

Gyaɗi-Gyaɗi

"Zakarun Asuba? Ai kawuna ma ya buga musu," in ji mai adaidaita. Ya sauke ni a shagon Baba Sule Tela, dattijon ƙungiyar.

Ban ko faɗi sunana ba, na dai fito da rigar. Tsohon ya tsayar da keken ɗinki. "'Yar Ishaya ce. Sannu da hanya, 'yata. Dama mun san wani na tafe."



Ya nuna mini kofuna jere a kan kanta, tsakanin zare da yadi. Ya ce teloli da makanikai da malaman makaranta ne suka kafa ƙungiyar, tun wurin nan rabinsa gonaki ne. Ba mai albashi. A buga da sassafe, kowa ya kama neman abincinsa. "Wannan na ƙaramar hukuma ne. Wancan kuwa daga hannun 'yan kamfani muka ƙwato shi, rabinmu ba takalmi. Ranar ubanki ya tare fanareti da karyayyen yatsa."

Sannan ya gaya mini al'adarsu. Su ba sa cire mutum. Shi zai kawo rigarsa fili a sallame shi, kafin a ba wani. Baba ya tafi babu sallama, don haka har yau ana kiran sunansa kafin a take leda, kuma duk golan da suka yi riƙon ƙwarya yake, ba wanda ya sake sa lamba ɗaya.

"Shekara da shekaru in an kira shi shiru ne," in ji Baba Sule. "Kwanan nan kuwa…" Sai ya ci gaba da taka kekensa. Matarsa Inna Hajara ta ba ni gurasa da shimfiɗa.

Tarauni

An gina shaguna a tsohon filinsu, yanzu a bayan wata firamare suke bugawa a Tarauni. Muka isa ana fitowa daga sallar asuba, ƙasa jiƙe da ruwan sama. 'Yan wasa suka yi layi, wani ma da wandon gareji. Baba Sule ya damƙe tsintsiyar hannuna.

"Ko me kika ji, kada ki amsa masa. Wanda ya amsa, shi raga za ta riƙe."

Kyaftin ya fara kira, kowa yana amsawa. Sai ya juya wajen raga. "Ishaya!"

Babu kowa tsakanin turakun nan, idona biyu. Amma muryar nan dusasshiya da ke tashina kullum ta fito daga can: "Ina nan!"

Abin da ya fi ba ni tsoro, ko mutum ɗaya bai waiwaya ba. Sun saba.

Baba Sule ya karɓi rigar, ya taka a hankali har gaban raga, ya ɗaga ta da hannu biyu. "Ishaya, ka tsare mana gida, mun gode. Mun sallame ka. Je ka huta." Ya miƙa ta ga golan riƙo, wani ƙaton makanike da ya sa ta yana share hawaye.

Kyaftin ya sake kira, "Ishaya!" Muka jira. Sai kukan kurciya a kan katangar makaranta.

Gida

Wayata ta yi ta ruri a jaka tun daga Kwanar Ɗangora, na ƙi ɗauka. Na san me ke ciki. Da na iso, benci-bencin zaman makoki na tarar a ƙofar gida, matan zumuntar cocinmu suna waƙa ƙasa-ƙasa.

Mama ta ce da asuba ya zabura kamar kullum, ya amsa. Can sai ya sauke hannuwansa a hankali, ya yi murmushi, ya ce ta cire masa takalmi, wasa ya tashi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Sule da Inna Hajara da mutanen da suka riƙe wa Kirista ɗan Kafanchan gurbinsa tsawon rayuwata. Washegari na farka da asuba, na kasa kunne wajen ɗakin Baba. Ba wanda ya amsa, sai a lokacin kuka ya zo mini.