Shinkafar Walima a Motar Tumatir

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da ƙawata wadda muka haɗa jari muka buɗe shago a intanet, sai maigidanta da ya ɗauki hutun yini a ofis don ya tuƙa mu. Wasu daga cikin 'yan zauren nan namu na mata masu sana'a sun san shagon. Kayan abincin gida muke sayar wa mutanenmu mazauna Legas da Fatakwal: kuka, daddawa, kauɗar tumatir, shinkafa 'yar Hausa. Mai saye ya duba hotuna a shafinmu, ya turo imel, ya biya a banki, mu kuma mu je kafen intanet mu gani, mu ɗaure kaya mu kai tashar manyan motocin safa a Sabon Gari. Har zuwa makon jiya, abin da muke aikawa bai taɓa wuce kwali ba.

Sai ga saƙon wata Hajiya daga Agege, shugabar Islamiyyar matan aure. Tana son shinkafa buhu-buhu da kauɗa don walimar saukar ɗalibanta, ta kuma biya har da kuɗin aikawa kamar yadda muka rubuta a shafi. Murnarmu ba ta kwana ba. Alhajin da ke ba mu shinkafa daga Kura, wanda ya saba saƙala mana ɗan kayanmu a lodin wasu, ya bugo ya ce wannan karon buhunan sun yi yawa, ga wahalar mai, sai dai a ɗauki shatar mota zuwa Kano. Masu safa su ma suka ce kuɗin buhu daban, na kwali daban. Da muka haɗa dakon biyu, ya cinye riba har ya taɓa uwar kuɗi. Ni kuwa ba zan koma wa wadda ta biya ba tare da ta taɓa ganin fuskata ba in ce ta ƙaro. Shi ya sa na ce mu je mu gani da idonmu.

Daga Na'ibawa har gadar Tamburawa, duk gidan man da muka wuce layi ne, direbobi na kwance a saman motocinsu. A Karfi muka tsaya sayen gasasshiyar masara, wadda ƙawata ta rantse ba za ta ci ba saboda haƙorinta, ta kuma riga mu gamawa. Daga nan muka karya kwana zuwa Bunkure. Wanda ya baro Kano a tsakiyar rani ya shigo nan sai ya ɗauka wata ƙasa ce. Kore ko'ina. Ruwa na gudu a kanal, alkama ta fara ja, ga albasa, ga tumatir har ya fi ƙarfin masu ɗiba.

Dattijuwar da ke yi mana kauɗa ta tarbe mu da fura. Tun farko mun roƙe ta ta riƙa shanya namu a kan tabarma maimakon ƙasa, kuma ta cika alkawari, babu yashi ko kaɗan. Farashin nan ya yi ƙasa da na kasuwar birni sosai, don a wannan lokaci manomi yanka tumatir yake ya shanya gudun kada ya ruɓe a hannunsa. Muna ɗaure buhu ta tambaye ni a wace kasuwa shagon namu yake. Na ce, “Inna, a cikin kwamfuta yake.” Sai ta ce, “To, 'yar nan, Allah ya kare shi daga gobara.” Muka ce amin.

Hanyar gefen kanal muka bi zuwa Kura, don maigidan ƙawata ya ce ta fi kusa. Wataƙila ta fi kusa ga mai babur. Inda ruwa ya ɓalle sai da muka sauka muka taka, shi kuma ya lallaɓa motar yana salati.

Kura garin shinkafa ce. Tun daga bakin gari hayaƙin masu turarawa ke tashi, an shanya a kowane fili, injinan casa na ta ruri. Alhaji ya zaunar da mu a rumfar ƙofar injinsa, aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, an yayyanka latas da tumatir a kai. Mutum ne mai gaskiya. Ya kira direban akori-kurar da za a ɗauka shata a gabanmu, direban ya ce shi fayau zai dawo daga Kano, dole a biya shi zuwa da dawowa, ga man bunburutu yake saye. Na ja, ya ja, bai rage abin kirki ba. Ƙawata ta fara raɗa mini cewa mu haƙura mu ɗauki asarar, a bakin samun suna.

Ina cin abinci ina kallon titi. Gingimari ta wuce shaƙe da kwandunan tumatir, ta yi kudu. Can wata ta biyo ta. Na tambayi Alhaji ina suke zuwa, ya ce Legas, kuma babbar matattararsu na gaba kaɗan, a Kwanar Gafan. Sai na ajiye cokali na ce, “Alhaji, don me za mu biya a kai shinkafar nan arewa, sannan mu sake biya a dawo da ita ta ƙofar injinka ta yi kudu?”

Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa aikawa ta haka ba, amma shugaban 'yan kamasho na can surukinsa ne. Ƙawata ta kawo maganar ruwan tumatir da zai iya jiƙa shinkafar, maigidanta ya kawo ta rashin rasit. Duka gaskiya ne. Na ce mu je dai mu ji.

Kwanar Gafan ba wurin hira ba ne. Kwanduna jere har inda ido ya tsaya, 'yan dako na gudu da kaya a ka, ƙasa ta yi ja da matsattsen tumatir. Surukin Alhaji ya haɗa mu da wani direba mai furfura da zai tashi da la'asar. Ya nuna mana wani wuri a saman kan motar, can gaban kwanduna, inda ruwa ba ya kaiwa. Abin da ya nema bai kai abin da muka ware wa masu safa kaɗai ba. Ya kuma ce mai ɗauke da tumatir ba ya kwanan hanya da ganganci, zai riga kayan safa isa. Sharaɗinsa ɗaya: ba zai zaga unguwanni ba, a tare shi a kasuwar da ake sauke tumatir.

Sai da na taka har bakin titi kafin wayata ta samu sabis. Na yi wa Hajiyar Agege bayani dalla-dalla, ban ɓoye komai ba. Ta ce, “Shinkafar walima a motar tumatir?” Na ce, “Hajiya, in buhu ɗaya ya jiƙe, ni zan biya ki shi.” Ta ce ƙanen mijinta yana kasuwanci kusa da wurin, zai je da kansa. Alhaji ya sa aka kawo buhunan a wata mota mai kawo tumatir, ya ce wannan ɗan dakon a kansa. Muka sayi leda mai kauri da tamfol, na tsaya a kai har aka naɗe kowane buhu aka ɗaure, har da na kauɗar da muka taho da shi daga Bunkure, na tura wa ƙanen mijin lambar direba da ta mota.

Kafin magariba muna gida, takalmanmu jajaye, but ɗin mota cike da albasar da Alhaji ya ba mu. Ranar da direban ya faɗa, ranar Hajiya ta kira. Kaya sun isa a bushe, ta kuma ce wata maƙwabciyarta na tambayar adireshin shafinmu.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya kaɗan ne amma mai amfani. Kafin ki rubuta farashi a shafi, ki tambayi mai ba ki kaya a ina kuɗinsa ya tsaya, ƙofar injinsa ko ƙofar tasha. Kuɗin aika kwali daban, na buhu daban, na rani daban, na damina daban, don motocin tumatir da lokacinsu suke. Yanzu haka muka gyara shafin. Sannan duk wanda kike sayen kaya a hannunsa, ki je garinsa ko sau ɗaya, ki zauna a ƙofarsa ki ci abincinsa, ki ga inda motocin garin suke dosa. Da ta waya na ci gaba da ciniki da Alhaji, da har yau ina biyan kuɗin kai shinkafa Kano don kawai ta juyo.